Daɓen Katakon Walnot da Yayin Launi Ɗaya

A Amurka, inda aka saba shimfiɗa katako a ƙasan ɗaki maimakon siminti ko tayil, itacen walnot yana da farin jini a wajen masu ƙawata gidaje, saboda launinsa mai duhu irin na cakulan, wanda ya fito da shi tun daga daji ba tare da rini ba. Bishiyar, wadda masana tsirrai ke kira Juglans nigra, tana tsirowa a gabashi da tsakiyar ƙasar, a jihohi irin su Misuri da Indiyana da Ohayo, kuma katakonta yana cikin mafiya tsada a can. Sai dai yayin da ake ciki, na neman faffaɗan katako mai duhu bai ɗaya daga bango zuwa bango, ya saɓa wa ɗabi'ar itacen kansa.

Idan aka tsaga gungumen walnot, za a tarar da zuciyarsa, wato tsakiyar da ta tsufa ta daina ɗaukar ruwa, ita ce mai duhu, alhali ɓangaren da ke kusa da ɓawo fari-fari ne kamar madara. Da yake masu saye ba sa son wannan rodi-rodi, masana'antu kan turara katakon da tururi kafin a busar da shi, har farin ya yi duhu ya kusanci zuciyar. Dabarar tana rage asarar itace, kuma wannan abin yabawa ne, amma tana dusashe zane-zanen da ke cikin zuciyar, waɗanda wasunsu kan karkata zuwa shunayya, sai a wayi gari an sayi katako mai tsada wanda da ƙyar ake bambanta shi da itacen ok da aka rina. Duhun ma ba mai ɗorewa ba ne, domin hasken rana yana koɗar da walnot sannu a hankali zuwa launin zuma, ta yadda wanda ya ɗaga darduma bayan wasu shekaru zai ga shatinta a ƙasa.

Akwai kuma batun tauri. Ana auna taurin katako da ma'aunin Janka, wato ƙarfin da ake buƙata kafin a nutsar da ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 zuwa rabinsa a jikin itace. Walnot na Amurka yana da 1,010, jan ok 1,290, farin ok kuwa 1,360, abin da ke nuna cewa ƙafar kujera da tsinin takalmi sun fi saurin barin tabo a kan walnot, ga shi kuma duhunsa yana tona asirin ƙura. Sunan ma yana ruɗar mai saye, domin abin da kasuwa ke kira walnot na Burazil itacen ife ne, wanda taurinsa ya ninka na walnot fiye da sau uku, shi kuwa walnot na Afirka, wanda ake samu har a dazuzzukan kudancin Nijeriya, ɗan dangin maɗaci ne.

Saboda haka walnot ya fi dacewa da ɗakin kwana ko na karatu fiye da mashigar gida, kuma ya fi dacewa da mai gidan da zai bar farin da duhun su zauna tare, ya yarda launin ya sauya da shekaru. Wanda zuciyarsa ta kafe a kan duhu bai ɗaya, farin ok da aka rina zai biya masa buƙata da kuɗi kaɗan, ya kuma fi jure zirga-zirga. Idan kuwa an zaɓi haɗaɗɗen katako, wato siririn fallen walnot da aka manna a kan filawud don rage kumbura da tsukewa lokacin da danshin iska ya sauya, to kaurin fallen na sama shi ne abin dubawa, tunda shi zai ƙayyade sau nawa za a iya kankare daɓen a sabunta shi.