Hukuncin Doka Tsakanin Ingilishi da Hausa: Sharhi a kan Koyar da Fassara, da Misalai daga Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Dokokin da ake mulkin Nijeriya da su a rubuce suke da Ingilishi. Sashe na 97 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa majalisar dokokin jiha gudanar da aikinta da Ingilishi, ya kuma ba ta izinin ƙarawa da wani harshe na jihar idan ta zartar da ƙuduri a kan haka. Sashe na 36 kuwa ya bai wa wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa da harshen da yake ji, a kuma samar masa tafinta kyauta. A Nguru da Gashuwa, inda Bade da Mangawa da Fulani da Hausawa suke cuɗanya, Hausa ce ta fi ɗaukar wannan nauyi. Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa yadda muke koyar da fassarar doka ya karkata ga sunaye, alhali hukuncin doka a cikin ginin jumla yake.

2.0 Abin da aka riga aka yi

Ba za mu yi wa magabata rowar yabo ba. A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 1991 kuma Hukumar NERDC ta fitar da jerin kalmomin majalisa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci. Ayyukan sun toshe babban giɓi. Sai dai tsarin jera kalma da takwararta yana da iyaka. Zai gaya wa ɗalibi yadda ake kiran sashe da ƙuduri da tara, amma ba zai nuna masa wanda doka ta ɗora wa nauyi ba, ko abin da zai biyo baya idan an saɓa. A ganinmu darussan fassara sun gaji wannan tsari ba tare da sun wuce shi ba.

3.0 Misali daga Dokar Amfani da Ƙasa

Mun zaɓi Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 saboda ta shafi kowane gida a fadamun Haɗeja da Nguru, inda noman shinkafa da su da kiwo suke gogayya a kan ƙasa ɗaya.

3.1 Wajibci da izini

An saba koya wa ɗalibai cewa kalmar "shall" tana nufin dole, "may" kuma tana nufin ana iya. Wannan rabin gaskiya ne. Sashe na 6, wanda ya yi magana a kan bayar da filin noma da na kiwo a karkara, ya fara ne da "it shall be lawful", kuma izini ya bai wa ƙaramar hukuma. Ɗalibin da ya haddace "dole" zai fassara shi da cewa wajibi ne ƙaramar hukumar Bade ta bai wa duk mai nema fili, alhali abin nufi shi ne ya halatta gare ta ta bayar. A cikin sashen dai kalmar ta sake zuwa, wannan karon da ma'anar hani: ba za a bayar da haƙƙi guda ɗaya a kan fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da amincewar Gwamna. Ke nan kalma guda ta shiga ginin izini da na hani a sashe guda.

3.2 Ɗauka tamkar an yi

Ingilishin doka yana da dabarar ɗaukar abin da bai faru ba a matsayin ya faru. Sashe na 36 na dokar ya bar manomin karkara da ke riƙe da gonarsa kafin 1978 ya ci gaba da riƙe ta tamkar ƙaramar hukuma ce ta ba shi, ko da ba shi da takarda. Kalmar "deemed", wadda ake yawan amfani da ita ga irin wannan, ana fassara ta da "ana zato" ko "ana ganin". Zato kuwa yana karɓar shakka, alhali doka ta rufe ƙofar shakka a nan. Manomin da aka gaya masa ana zaton gonar tasa ce zai iya sallamawa ga wanda ya zo da takarda.

3.3 Hani da sakamakonsa

Mu ɗauka wani manomi a gefen Kogin Yobe ya jinginar da fadamarsa don ya yi hidimar aure. Sashe na 21 ya hana sayarwa ko jinginar da irin wannan haƙƙi ba da amincewar ƙaramar hukuma ba, sashe na 26 kuma ya bayyana sakamakon: cinikin ɓatacce ne, kamar ba a yi ba. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar wani gida a birni saboda ba a nemi amincewar Gwamna ba. Fassarar da ta tsaya ga "bai kamata ba" ta mayar da hukunci nasiha, kuma wanda ya ba da kuɗinsa shi ne zai yi asara.

4.0 Taskar da muka yi watsi da ita

Abin mamaki shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin hukunci ba. Duk wanda ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a zaure ya san wajibi da halal da haram, ya san sharaɗi, ya kuma san bambancin ingantaccen ciniki da ɓatacce. Malaman zaure sun daɗe suna rarrabe aikin da aka hana da aikin da ya ɓaci, wanda shi ne ainihin bambancin sashe na 21 da na 26. Ɗalibin Nguru yakan zo aji da wannan sani, sai manhaja ta wuce shi ta fara daga Ingilishi.

Amma akwai buƙatar taka-tsantsan. Kalmar haram tana ɗauke da nauyin zunubi, wanda dokar majalisa ba ta da'awarsa, saboda haka "doka ta hana" ya fi dacewa. Haka kuma sashe na 1 ya ce Gwamna yana riƙe da ƙasar jiha ne a madadin jama'a. Kalmar amana ta yi kusa da wannan ma'ana, sai dai a fahimtar Bahaushe mai amana yana mayar da ita duk lokacin da mai ita ya nema, dokar kuwa ba ta tanadi haka ba. Ya kamata malami ya nuna inda kalmar ta dace da inda ta gaza.

5.0 Shawarwari

Na farko, a riƙa koyar da fassarar doka da cikakken sashe, ɗalibi ya amsa tambayoyi uku kafin ya fassara: wa aka yi wa magana, me aka ɗora masa ko aka ba shi, me zai faru idan ya saɓa. Na biyu, ƙamusun da za a sabunta su kawo kowace kalmar hukunci a cikin jumla. Na uku, a haɗa malaman Hausa da lauyoyi da alƙalai da malaman fiƙihu wajen tace kalmomin, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana iya zama mahaɗarsu a wannan yanki. Na huɗu, a gwada fassarar a kan waɗanda Hausa harshe na biyu ce gare su, domin tafinta a Gashuwa yakan yi wa Babade magana ne da Hausa.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa kuskuren fassarar doka yakan faru ne a ƙananan kalmomin da ke ɗauke da izini da hani da ɓaci. Daga cikin ɗaliban da muke koyarwa ne za a sami tafintocin kotu da magatakardan ƙananan hukumomi da masu karanta labarai a rediyo. Idan manhaja ta horar da su a kan hukuncin jumla, manomin fadama zai san matsayin gonarsa tun kafin ya dangwala yatsa a takardar jingina.