Tulun Zumuntar Mata Ya Fi Littafi Jin Hausa

Masu raina waƙoƙin Zumuntar Mata kashi biyu ne. Na cikin coci, galibi samarin da suka iya piyano da jita, cewa suke maimaici ya yi yawa, magana ɗaya a yi ta juya ta kamar waina a tanda. Na waje kuwa, manazarta adabi a jami'o'inmu, ko kallo waƙar ba ta ishe su ba, don a ganinsu duk abin da aka rera a coci fassarar Bature ce. Da ɗayansu zai kwana a Wasagu ko Ribah ta ƙasar Zuru ya saurari matan nan ranar Lahadi, da ya sassauta.

Tarihin gajere ne. 'Yan mishan na UMS sun shigo ƙasar Zuru a shekarun 1920, kuma daga aikinsu cocin UMCA ta fito. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Walter Miller na Zariya ya sha wahalarsa. Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa kowa da harshensa, sai Hausa ta zama harshen sujada, Littafin Waƙoƙi ya shiga hannun masu bi.

Ba na ƙin Littafin Waƙoƙin, tsofaffi da yawa da shi suka koyi karatu. Amma yana da lahanin da kunnen mai jin Hausa ba ya yafewa. Karin da aka ɗauko daga Ingila ko Amurka an riga an yanka masa riga, mai fassara gaɓoɓi kawai yake ƙirgawa ya cusa. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere. Kukan da mai zunubi ke yi murya a sama take tafiya har ƙarshe. Idan karin Bature ya sauke gaɓar ƙarshe, ya koma kukar miya. Haka gari da garin tuwo: ja wasalin farko inda bai kamata ba, birnin sama ya zama abin tuƙawa. Jama'a na ganewa ne don sun san abin da ake nufi, ba don waƙar ta faɗa daidai ba.

Matan Zumunta ta ɗaya gefen suke ɓullowa. Magana ce ke haifar kari, shi ya sa ko baƙo ya tsaya bakin taga zai tsinci kowace kalma. Jagora ta ajiye gindin waƙa, sauran su karɓe shi su riƙe, ita kuma ta shiga kawo ɗiya. A nan gwanintar take. Sau da yawa kalma ɗaya ko biyu take canzawa: yanzu Daniyel ne a ramin zakoki, an jima Hannatu mai neman haihuwa, can kuma sai ka ji ta sako ciwo, ko fari, ko tsoron hanyar gona. Gindin bai motsa ba, amma kowane dawowarsa da sabon nauyi, domin abin da ya gabace shi ya sauya. 'Yan amshi ba sa jira ta dire, suna shigowa kan gaɓarta ta ƙarshe, sai muryoyin su sarƙe babu kafar numfashi. Ƙarƙashin wannan duka tulu na ta gurnani, kacau-kacau na yanka lokaci. Wanda ya kira wannan maimaici bai taɓa yin gayya ba, balle golmo, noman neman aure na ƙasar Zuru, inda amshi ke ɗaga fartanya.

Samarin jita ma su duba nasu gwanayen. Panam Percy Paul da Solomon Lange sun shiga situdiyo da kayan zamani, amma waƙoƙinsu na Hausa da suka fi zama a bakin jama'a su ne masu ɗan gajeren gindin da kowa zai karɓa.

Abin da na daɗe ina faɗa shi ne, waƙar Zumunta ƙanwar amada ce. Mata zalla, kayan kiɗa daga ɗakin girki, jagora da amshi, nasiha da ɗan habaici a ciki. Barmani Coge ta Funtuwa ta kifa ƙwarya a ruwa, matan Zumunta sun rungumi tulu. An rubuta kundaye a kan Barmani, da Shata, da Ɗanƙwairo, an feɗe gindi da ɗiyan waƙoƙinsu. Ma'aunin nan zai hau waƙar matan Wasagu ba tare da an rage masa komai ba, kuma daga sashen Hausa na jami'ar Sakkwato zuwa ƙasar Zuru tafiyar yini ɗaya ce.