Labarin Binciken Kisan Kai da Sirrin Gida: Nazari Domin Masu Tsara Littattafan Yaƙi da Jahilci

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan ɗan taƙaitaccen nazari ita ce a duba wani nau'in ƙagaggen labari wanda bai yawaita a Hausa ba, watau labarin da ake bin sawun kisan kai har bincike ya shiga tsakar gida. Za mu auna shi da ma'aunin sabon mai karatu na ƙasar Dakwaro, a jihar Maraɗi, wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci bai sami abin da zai riƙe karatunsa da shi ba.

2.0 Abin da muka gada

A cikin littattafai biyar da gasar Zariya ta 1933 ta haifar, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East shi ne mafi kusa da wannan nau'i. Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainab. Abubakar ya nemo maganin da ya lalata Kyauta, ɗan da aka haifa a auren. Daga bisani Kyauta ya zama ajalin mahaifinsa. Ga kisa, ga rikicin iyali, amma babu mai bincike. Tun da fari an sanar da mai karatu wanda ya ƙulla sharrin, saboda haka jiran sakamako kawai yake yi. Littattafan 1982, kamar Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, sun kawo manyan laifuffuka, sai dai hankalinsu ya fi karkata ga ɓarnar al'umma. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) kuwa ya tona cikin gida sarai, amma ba a kan gawa aka gina shi ba. Ashe ke nan muna da rabi biyu waɗanda ba a cika ɗinke su wuri guda ba.

3.0 Inda gida yake zama ƙashin bayan labari

A Turai, tun daga Sherlock Holmes na Conan Doyle (1887), mai bincike yakan dogara ga alamu: sawun ƙafa, tokar taba, wasiƙa. Maigret na Georges Simenon, wanda ya bayyana a 1931, shi ya fi zama cikin gidajen mutane yana saurare. Marigayi Moussa Konaté na Mali ya bi wannan hanya da kwamishinansa Habib, musamman a L'Honneur des Kéita, inda mutuncin dangi ya tsaya tsakanin mai bincike da gaskiya.

To, wannan ita ce hanyar da ta dace da mu. A ƙasar Hausa babban shingen bincike shi ne kunya da rufin asiri. Uwa ba ta ambaton sunan ɗan farinta, balle ta ba da shaida a kansa. Suruki ba ya sakin baki gaban surukinsa. Kishiya takan san abu ta yi shiru, ko kuwa ta faɗa don wata manufa. Marubucin da ya fahimci haka zai ga cewa rikicin gado da na aure su ne alamun da mai bincikensa zai karanta. Wanda bai fahimta ba yakan liƙa su a gefe don jan hawaye, labarin ya rabu biyu.

Ƙasar Dakwaro tana da duk abin da ake bukata. Nan ne gonaki suke haɗuwa da makiyaya a wajajen kwarin Tarka, kuma dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa da dokar karkara ta 1993 ba su kawar da gardamar burtali da rijiya ba. Sarki yana da ikon sulhu, amma kisa na jandarma ne da alƙali. Shaidu suna magana da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, ana rubuta bayaninsu da Faransanci. Kalma guda da tafinta ya karkatar ta isa ta ɗauki labari sukutum.

4.0 Kammalawa

Ga masu tsara littattafai, amfanin a fili yake. Ɗan littafin tsabta ko na taki sau ɗaya ake karanta shi. Labarin bincike kuwa yana tilasta wa mai karatu ya koma shafin baya ya duba abin da wance ta ce, ya gwada shi da maganar wane, kuma wannan shi ne karatu na haƙiƙa. Sharuɗɗanmu uku ne: babi ya zama gajere, kada a warware kisan da duba ko mafarki, sai da hujjar da aka riga aka nuna, kada kuma a mai da wata ƙabila ita ce mai laifi kullum. Idan marubuci ya kiyaye waɗannan, littafinsa zai yi yawo daga hannu zuwa hannu har bangonsa ya yage.