Shaihu Umar: Littafin da Ajin Tarihi Ya Bar wa Ajin Hausa

Duk wanda ya yi tarihi a sakandare zai tuna darasin fataucin hamada. Malami ya zana hanya a allo daga Kano zuwa Agadas har Turabulus, sannan ya jera hajojin da ayari ke ɗauka: gishiri, fata, tufafin rini, hauren giwa, gashin jimina, bayi. Ɗalibi ya haddace, ya zuba a jarrabawar WAEC ko NECO, ya ci maki. Kalmar "bayi" tana zaune a jerin nan kamar kowace haja, ba mai tsayawa a kanta.

Littafin da ya tsaya a kanta yana nan, sai dai mun bar wa ajin Hausa shi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar yana malamin makaranta a Bauchi, don gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Umar yaro ne ɗan Kagara da aka sace, ya bi ta Kano, Balarabe Abdulkarim ya haye hamada da shi, ya yi karatu, ya dawo babban malami. Amma a ganina ƙarfin littafin yana wajen uwarsa. Mace ce 'yantacciya da ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta, ita ma ta zama baiwa, kuma ba ta daɗe a duniya ba bayan sun sadu. Ɗalibin da ya bi ta shafi bayan shafi ba zai ƙara karanta jerin hajojin nan da sanyin zuciya ba.

Duk da haka, kada a miƙa wa yara littafin a ce ga tarihi. Marubucin ya nuna harin bayi da makircin fada ƙarara, amma bai tuhumi bautar kanta ba. Umar yana ba almajiransa labarin cikin natsuwar wanda ya karɓi ƙaddara, Abdulkarim kuwa ya fito a uba mai tausayi. Wanda ya karanta ba tare da jagora ba zai iya ɗauka cewa bauta hanyar ilmi ce ga mai rabo.

A nan ne aikin malamin tarihi yake. Sanarwar Lugard ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta yaran da aka haifa daga bisani, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Ke nan lokacin da Ɓalewa ke rubutu, akwai bayi da iyayengijinsu a raye, wataƙila har cikin dangin masu karatunsa, kuma hukumar Turawa ce za ta buga littafin. Me zai iya faɗa? Me ya haɗiye? Me ya sa ɗan ya samu rawani da almajirai, uwar ta samu kabari? Ɗan aji biyar na sakandare zai iya kokawa da waɗannan tambayoyi, kuma su ne ainihin ilmin tarihi: auna mai ba da labari, ba haddace labarin kawai ba.

A sana'armu ta rubuta manhaja, ba ma amincewa da bayanai sai mun san inda suka fito da wanda ya shigar da su. Shekaru da sunayen sarakuna kam waya na kawo su cikin daƙiƙa. Abin da ba ta koyarwa shi ne tambayar tushe.

Gyaran ba ya buƙatar sabon tsarin karatu daga Abuja. Malamin Hausa da malamin tarihi ofishi ɗaya suke zama. Su daidaita mako guda: a karanta tafiyar uwar Umar, a buɗe taswirar hamada, a ajiye 1901 da 1936 kusa da 1933, sannan a bar yara su yi muhawara.