Jinjina ga Maginan Ƙasa na Birnin Kano

Ginin ƙasa ba ya son a manta da shi. Damina biyu ko uku ba yaɓe, sai indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, gara ta shiga azara. Shi ya sa Gidan Makama, wanda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), bai kawo yau don ƙarfin tubalinsa kaɗai ba. Hannun magina ne ke komawa kansa shekara bayan shekara.

A tsaya a kalli aikinsu da rani. Za su kwaɓa ƙasa da ciyawa, su tattake ta da ƙafa, su bar ta ta kwana ta tsumu kafin a mulmula tubali. Makuba daga ɓawon ɗorawa take, ita ke hana ruwa cin bango. Laso kuwa sai an haɗa da katsi daga marina, don haka magini da marinin Ƙofar Mata abokan sana'a ne tun fil azal. Mai gyaran bakan gizo kuma ba ya zuwa da takarda; a ka yake riƙe da lissafin yadda azara za ta hau azara.

Siminti ya rage musu kasuwa, kuma mai gida da yawa gani yake rushewa ta fi sauƙi. Ni dai ina ganin asara ce, ko don sanyin zaure a watan Afrilu. Sannunku da aiki, magina, Allah ya ƙara wa hannu albarka.