4.3 Dusasar da Fuska a Hotunan Doug Rickard: Tsakanin Rufin Asiri da Salo

A wannan sashe za a yi tarken aikin Doug Rickard, wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Amurka, mai suna A New American Picture, wanda aka baje a gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke Niyok a shekarar 2011. Manufa ita ce a gano ko dusasar da fuskokin da ke cikin hotunan ta kare mutuncin masu su, ko kuwa ado kawai ta ƙara wa aikin.

4.3.1 Asalin Hotunan

Kamfanin Google ya fara shirin Street View a shekarar 2007, inda motoci masu ɗauke da kyamara suke bin tituna suna ɗaukar duk abin da suka tarar. Koke-koken jama'a suka sa kamfanin ya fara dusasar da fuskoki a shekarar 2008. Rickard bai taka waɗannan tituna ba. Yana zaune gaban kwamfutarsa ya riƙa bin unguwannin talakawa na birane irin su Ditiroit da Mamfis da Niyu Olins, in ya ga abin da ya yi masa, sai ya kafa kyamara ya ɗauki fuskar kwamfutar. Ke nan dishi-dishin da ake gani a fuskokin ba aikin hannunsa ba ne, gadonsa ya yi daga na'ura.

4.3.2 Dusasarwa a Matsayin Rufin Asiri

Hoton kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne, kowane da launinsa. Idan za a dusasar da shi, na'ura takan sauya launin kowane ɗigo da matsakaicin launin maƙwabtansa, sai iyakar ido da hanci da baki ta narke. Abin lura a nan shi ne, kamannin ba su gushe gaba ɗaya ba, cakuɗa su aka yi. A shekarar 2016 wasu masu bincike na Jami'ar Tekzas da ke Ostin da na Cornell Tech sun nuna cewa ana iya koya wa kwamfuta ta gane fuskar da aka dusasar. Tun kafin nan, a shekarar 2007, 'yan sandan Jamus sun warware fuskar da wani mai laifi ya murɗe a hotunansa, har aka kama shi a ƙasar Tailan.

Ko da an ajiye batun na'ura, akwai wata matsalar. Ba da fuska kaɗai ake gane mutum ba. Tsayinsa da tufafinsa da ƙofar gidan da yake tsaye duk suna nan a fili, ga kuma sunan gari a jikin taken hoton. Baƙon da ya zo kallo a MoMA ba zai san shi ba, amma maƙwabcinsa zai gane shi da kallo ɗaya, alhali kuwa maƙwabcin ne mutum ya fi jin kunyarsa. Wannan ne ya sa a shekarar 2010 gidaje fiye da 244,000 a Jamus suka nemi a dusasar da ginin gidan dungurungum. Bisa ga haka, ana iya cewa rufin asirin da ke cikin aikin Rickard rabi ne.

4.3.3 Dusasarwa a Matsayin Salo

Ta fuskar salo kuwa, aikin ya yi armashi. Jigonsa shi ne talauci da wariya, musamman a unguwannin baƙar fata. Rashin fuska ya dace da wannan jigo, domin yana nuna mutanen da hukuma ke wucewa ta gabansu ba ta ganinsu. Haka kuma kyamarar tana bisa rufin mota, saboda haka daga sama ake hango mutanen, su ƙanana a gefen faffaɗan titi. Dishi-dishi da nisa sun haɗu sun sa mai kallo ya ji kamar shi ne ke cikin motar da ba ta tsaya ba.

Sai dai idan aka kwatanta da hoton Migrant Mother na Dorothea Lange, na shekarar 1936, raunin salon yana fitowa. Ƙarfin hoton Lange yana cikin fuskar matar ne, ita ce ta sa jama'a tausayi. Amma matar, Florence Owens Thompson, daga baya ta koka cewa ba ta amfana da komai ba. Wato Lange ta sami tausayin mai kallo, matar ta rasa sirrinta. Rickard ya kauce wa wannan, amma ya mayar da mutanensa tamkar kayan titi, babu wanda za a tuna shi shi kaɗai. Na'urar ma ba ta san darajar wanda take rufewa ba, tun da a shekarar 2016 an ga ta dusasar da fuskar saniya a Kambirij ta Ingila.

4.3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa dusasarwa ta fi yi wa mai hoto aiki fiye da waɗanda aka ɗauka. Ta ba shi salo, ta kuma sauƙaƙa masa baje hotunan ba tare da neman izini ba. Su kuwa mutanen ba a tambaye su ba sau biyu: lokacin da mota ta wuce, da lokacin da aka rataye su a bango. Don haka wannan nazari yana ganin dusasar da fuska ba ta maye gurbin yardar mai fuska. Sashe na gaba zai duba yadda gidajen talabijin ke amfani da wannan dabara wajen ɓoye shaidu da ƙananan yara.