Fasali a kan Hikayar Birnin Tagulla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko almajiri ne kai ko falke, ka sani a cikin littafin Dare Dubu da Ɗaya akwai wata hikaya da ake kira Madinatun Nuhasi, wato Birnin Tagulla. Nufina in auna maka ita kamar yadda ake auna haja, in nuna maka mai kyanta da algus ɗinta.

Mai hikaya ya ce Halifa Abdulmalik ɗan Marwana, wanda ya yi mulki daga shekara ta 65 zuwa 86 ta Hijira, ya aiki Musa ɗan Nusairu neman tulunan da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata gare shi, ya kulle aljannu a ciki. Ayarin ya ɓace a hamada har ya iske wani birni mai ƙofa 25, duk a rufe daga ciki. Mutum 12 suka hau tsani, kowa ya leƙa sai ya tafa hannu ya faɗa ciki ya halaka. Daga baya Shehu Abdussamadu ya hau yana ambaton Allah, ya buɗe musu.

Da suka shiga kasuwa suka tarar da rumfuna a buɗe, ma'aunai a rataye, alharini da zinariya jibge, 'yan kasuwa kuwa matattu a kan kayansu, fata ta bushe a kan ƙashi. A fada suka sami gawar sarauniya da wani allo mai bayani: shekara 7 ba a yi ruwa ba, suka cinye abinci, suka cinye dabbobi, ta aika da dukiya ƙasa ƙasa a sayo hatsi, manzanni suka komo hannu wofi. Sai suka rufe ƙofofi suka jira ajali.

Idan ka ce, shin wannan ya auku? Sai in ce a'a. Ibn Haldun ya riga mu yanke hukunci a Muƙaddimarsa, wadda ya wallafa a 779. Ya ambaci labarin daga Mas'udi, wanda ya sa birnin a hamadar Sijilmasa, sa'an nan ya ƙaryata shi da hujja biyu. Ta farko, matafiya da jagorori sun ratsa hamadar nan ba su gan shi ba. Ta biyu, tagullar da ke hannun mutane ta tasoshi ce da kayan gida, ba ta isa gina birni ba. Ka riƙe wannan ma'auni, ya almajiri: ana gwada labari da abin da aka san yana yiwuwa, ba da girman sunan mai faɗinsa kaɗai ba.

Amma ƙaryar aukuwa ba ta kore gaskiyar ma'ana. Mai hikaya ya dace a wurin kasuwar nan, domin ya nuna darajar zinariya aro ce daga mai hatsi. Ranar da mai rumbu ya ƙi sayarwa, mai mithƙali dubu da mai ƙoƙon bara daidai suke. Ya kuma dace a kan Ɗalibu ɗan Sahlu, wanda aka karanta gargaɗin allon a gabansa, ya miƙa hannu ga adon gawar, gunkin da ke gadinta ya sare masa kai. Karanta wa'azi daban, jin wa'azi daban.

Aibin hikayar biyu ne. Na farko, ta tsawaita siffanta yaƙutu da lu'ulu'u har mai saurare ya tashi da kwaɗayin abin da ake hana shi, ya zama ɗan Sahlu bai sani ba. Na biyu ya fi girma: ta kashe birnin da fari kaɗai, ba ta tambayi kowa ba. Ina rumbunan da aka cika a shekarun ƙoshi? Wa ya bar gari mai ƙofa 25 ya dogara ga gonar wasu? Ta bar falke yana zaton halaka daga sama kaɗai take saukowa.

Dubi Sijilmasa kanta, wadda ba tatsuniya ba ce. An kafa ta a 140, ta zama mashigar zinariyar ƙasashen Sudan zuwa Magariba. Ibn Hauƙal ya ga takardar bashi ta dinari 42,000 a Audagust, tsakanin wani attajirin can da wani na Sijilmasa. Daga cikinta Ibn Baɗuɗa ya tashi zuwa Mali a 753. Duk da haka, Hasanul Wazzan ya same ta kufai a farkon ƙarni na 10 na Hijira, mutanenta sun watsu a ƙauyukan kewaye. Babu aljani a nan, babu gunki. Fitina tsakanin masu mulki da rashin aminci suka ci ta, ayari kuwa ba ya aure da gari, inda aminci yake nan yake sauka.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ka ji hikayar, ka ɗauki kasuwarta ka bar mata lu'ulu'unta. Sa'an nan ka yi wa kanka tambayar da mai hikaya bai yi ba: idan hanyar da kake ci da ita ta yanke bana, me ke cikin rumbunka, kuma wa ka kyautata wa da zai buɗe maka nasa? Allah ne Mafi sani. Tammat.